Motar Aro Ba Ta Tsere

Yau ku yi mini uzuri, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Zancen mota da fim ne, kuma ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya jima yana kallon finafinan Hausa ya san yadda mota take fitowa a cikinsu. Za a danna ham a bakin get, maigadi ya taso da gudu yana gyara hula, a wangale ƙofa, motar ta sulalo a hankali kamar amarya, Alhaji ya fito yana baza babbar riga. Ko kuwa saurayi ya jingina da ita a gindin bishiya yana rera wa budurwa waƙa. Idan labari ya kai inda dole a yi haɗari, sai a nuno direba ya zaro ido, a girgiza kyamara, a sako ƙarar birki da ta fashewar gilashi, allo ya yi baƙi. Abin da za ka gani a gaba sai gadon asibiti, an naɗe wa jarumi kai da bandeji an ɗiga masa jan kala. Ita kuwa motar ko ƙwarzane babu.

Ba don raini na faɗi haka ba, domin na san dalili. Motar ta aro ce. Furodusa ya yi kwana da kwanaki yana zarya gidan wani mai hali kafin a ba shi makulli, wani lokaci ma har da direban gidan ake haɗo shi, ya zauna a gefe yana gadin ta yana duba agogo. Wa zai ce a taka totur da irin wannan mota? Idan fitila ɗaya ta fashe, kuɗinta ya isa ya cinye ribar fim ɗin gaba ɗaya. Mu marubuta littafi a nan muka fi 'yan fim gata. Ni da biro na naira kaɗan na kifar da motoci sun fi a ƙirga, na ƙona wasu, na jefa wata a gulbin Rima, babu wanda ya taɓa zuwa ya ce in biya shi.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, harkar nan da ƙaramin jari ta tashi, kuma ba abin kunya ba ne. Da aka zo 1999 Sangaya ya yi kasuwa, sai 'yan kasuwar kaset suka gano cewa waƙa da rawa su ne kuɗi, daga nan kowa ya bi. Waƙa ba ta buƙatar komai sai lambu, da kaya kala uku, da mai fiyano. To idan Kano da ke da kasuwa da situdiyo haka take lissafi, ina ga mu na Sakkwato, da a wancan lokaci sai mun ɗauki kaset mun hau mota mun ratsa Gusau da Funtuwa kafin mu sami inda za a tace mana aiki yadda muke so, sannan mu tsaya a gaban mai shago muna jiran ya ce ya saya ko bai saya ba? Ba 'yan wasa muka rasa ba. Wanda ya tashi a garin nan ya ga Idon Matambayi a tashar NTA Sakkwato ya san akwai masu baiwar da za su riƙe ka a gaban talabijin ba tare da ko keke ya fito ba. Jari muka rasa, sannan muka ɗauka cewa tun da ba mu da motar Alhaji, ba mu da labarin mota.

Alhali kuwa muna da shi, a ƙofar gidanmu ma.

Ina nufin Fijo. Yaran yanzu ba za su gane matsayin 504 a ƙasar nan ba. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, daga nan ta zama motar gwamnati, motar 'yan sanda, motar haya, motar kai amarya, motar kai gawa. A wannan shekarar ta 1975 ɗin ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu. Motocin Peugeot ne kuma suka ci tseren Faris zuwa Dakar shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, lokacin da tseren yake ratsa hamadar Nijar ta wajen Agadas, nan arewa da mu. Ko a gida, bikin kamun kifi na Argungu an daɗe ana haɗa shi da tseren motoci, kuma kada a manta har 1991 Argungu cikin Jihar Sakkwato take. Wato ƙurar tsere ba baƙuwarmu ba ce.

Amma tseren da ya fi shiga rayuwar mutanenmu ba shi da tuta, ba shi da alƙali, ba a ba da kofi. Shi ne na hanyar Illela. Ka tashi daga Sakkwato ka bi Kware, ka wuce Gwadabawa, ka isa Illela, ka ɗaga ido ga Ƙwanni can a Nijar. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma abin da ya faru a kanta da cikin burtalolin da ke gefenta ya isa a cika kaset ɗari.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban wannan hanya ne a ƙuruciyarsa. Da rana yana jigilar fasinja daga tashar Illela, kowa ya san shi da haka. Abin da yake yi da dare kuwa sai da na girma, shi kuma ya tsufa ya bar tuƙi, sannan ya yarda ya buɗe mini baki. Ya ce lokacin da gwamnatin soja ta rufe iyakoki a watan Afrilu na 1984, aka canza kuɗi, har zuwa 1986 da aka buɗe, a nan ne yara da yawa suka koyi tuƙin dare. Fetur ke fita saboda arharsa a nan, atamfa da gwanjo da taba ke shigowa. Masu kayan suna gida suna barci a kan katifa. Direba da yaronsa su ne a daji.

Yadda ya kwatanta mini shirin motar kaɗai ya ishi mai fim. Za a cire kujerar baya. A ƙara wa sifirin na baya ƙarfi, har idan motar ba ta da kaya ka ga bayanta ya ɗage sama kamar rago zai yi karo, idan an loda ta kuma ta zauna daidai kamar ba ta ɗauki komai ba. A cire wayar fitilar birki don kada na baya ya ga inda ka rage gudu. Idan an bar kwalta an shiga yashi, a sassauta iskar taya. Fitilar gaba kuwa a kashe take, da farin wata ake tafiya, in babu wata da sanin hanya. Ya ce akwai wata tsamiya da idan ya ga inuwarta ya san saura ƙirga goma ya karya sitiyari hagu, in ya ƙirga goma sha ɗaya yana cikin kwari.

Na ce, "Kawu, ba ka jin tsoro?"

Ya dube ni ya ce, "Yaro, tsoro shi ka tuƙin, ni dai riƙon sitiyari nika yi."

Yana ba ni wannan labari yana dariya, har ya zo kan abokinsa, sai dariyar ta ɗauke. Tare suka taso, tare suka yi karen mota, a wata guda aka ɗaura musu aure. Wani dare suka fita mota biyu, abokin yana gaba da jarkokin fetur har saman but da inda kujera take, aka biyo su. Kawu ya ce shi bai ga faɗuwar ba, haske kawai ya gani ya tashi a gabansa, dajin ya yi fari kamar rana ta fito. Bai tsaya ba. Ba ya iya tsayawa, domin shi ma abin da ke bayansa ke nan. Ya kewaye wutar ya wuce, ya kai kayan mutane inda aka ce ya kai, aka ƙirgo ladarsa aka ba shi, ya dawo da asuba ya yi alwala, sannan ya tafi ya tsaya a ƙofar gidan abokin yana neman bakin da zai yi sallama da shi. Matar tana da ciki wata bakwai. Mai kayan da suka ƙone ya aiko a yi masa bayanin jarkokinsa tun ba a yi sadakar uku ba.

Kawu ya ƙara shekara biyu yana wannan tuƙi bayan haka. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi gida biyu ya koma ciyarwa.

Mai karatu, don Allah wane labarin Indiya za mu ara da ya fi wannan?

Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne da na gano cewa wasu sun yi irin wannan fim da irin wannan labari, kuma ba manyan masu kuɗi ba ne. A kudancin Amurka an yi zamanin da talakawan ƙauye suke dafa barasa a ɓoye don gudun haraji, samari suna ɗaukar ta da dare a tsofaffin motoci suna tsere da jami'an gwamnati. Dabararsu ɗaya da ta su Kawu: cire kujera, ƙarfafa sifirin, gyara inji. Daga cikin irin waɗannan direbobi aka sami wasu daga cikin gwanayen farko na gasar tseren NASCAR da aka kafa a 1948. Ɗaya daga cikinsu, Junior Johnson, har gidan yari ya shiga a 1956 kan harkar barasar, ya fito ya lashe babban tseren Daytona a 1960. A 1958 Robert Mitchum ya yi fim mai suna Thunder Road a kan wannan rayuwa, baƙi-da-fari, aka ɗauke shi a yankin Asheville ta Jihar Karolina ta Arewa, kuma mutanen yankin suka riƙe shi shekara da shekaru suna kallo domin kansu suke gani a ciki. Mu ba ruwanmu da barasa, Allah Ya tsare, amma talauci da iyaka da dare da mota duk namu ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne H. B. Halicki. Mutumin nan ba ɗan fim ba ne tun asali, harkar gyaran motoci da tsofaffin motoci yake yi a Kalifoniya. A 1974 ya yi Gone in 60 Seconds, labarin ɓarayin mota. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne jarumi, shi ne direba. Tseren ƙarshe na fim ɗin ya kai wajen minti 40, kuma an lalata motoci 93. Yaya aka yi mai ƙaramin jari ya iya haka? Domin ya tanadi motocinsa na kansa, tsofaffi, waɗanda ya saya da arha. Ba ya jiran kowa ya duba agogo. Sai dai in faɗi ɗaya gefen don kada wani yaro ya ɗauka wasa ne: a 1989, wajen ɗaukar kashi na biyu, wani shiri ya kuɓuce, Halicki ya rasa ransa a lokeshin.

Wannan tunani ne ya kai ni Buzaye a 2009, ni da wasu abokaina uku. Wanda bai san Sakkwato ba, Buzaye unguwar makanikai ce, inda ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ko'ina ƙarar guduma da walda. Na riga na mai da wani littafina wasan kwaikwayo, na ɗora shi a kan labarin Kawu, na canza sunaye da garuruwa. Muka sami wani dattijon bakanike da ya ƙware a Fijo, muka gaishe shi, na yi masa bayani. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya ce, "To ku mi za ku yi da sabuwar mota? Ku zo ku gani." Ya zagaya da mu bayan garejin. Ga 504 guda biyu farare, ɗaya tana tashi, ɗaya kuwa kwarangwal ce, babu inji babu giya, kaji ma sun fara ƙwai a ciki. Ya ce mai tashin ita za ta yi gudu, gawar ita za ta yi haɗari. Wallahi a tsaye a wurin, cikin minti biyar, mutumin da bai taɓa riƙe kyamara ba ya warware matsalar da ta hana mu sakat shekara da shekaru.

Kyamarar mai ɗaukar biki muka yi haya. Muka fita wani burtali ta wajen Wamakko cikin hunturu, ƙura tana tashi da kanta ba sai an roƙe ta ba. A nan na koyi cewa gudu a fim ba a totur yake ba. Idan ka kwantar da kyamara ƙasa dab da taya, motar da ke tafiya a giya ta biyu sai ta zama kamar iska. Idan ka sa mai kyamara a kujerar baya yana ɗaukar ƙeyar direba da hannunsa a kan giya, ka bar ƙarar injin yadda take, mai kallo zai riƙe numfashi. Dare kuwa da magariba muka yi shi, muna da kamar minti ashirin kullum kafin duhu ya rufe, saboda haka fitowa ɗaya ta ci mana yamma uku. Babban yaron bakaniken shi ya yi tuƙin, domin jaruminmu ko keke da ƙyar yake hawa. Ranar haɗari muka jawo gawar da igiya, muka kai ta bakin wani kwari, muka kori yara nesa, majiya ƙarfi shida suka tura. Ta tafi a hankali kamar tana shawara, ta ɗaga baya, ta kifa, ƙura ta turnuƙe. Sau ɗaya tak za a iya yi, kuma ya yi. Wani tsoho da ke kallo daga gonarsa ya saki fartanya yana salati, sai da muka je muka rantse masa babu kowa a ciki.

Kawu ya zo lokeshin rana ɗaya. Bai ce komai ba sai da ya ga yaron ya kama sitiyari da hannu biyu a sama, ya ce ba haka ake yi ba, hannun dama ba ya barin giya. Da aka zo fitowar da jarumi zai tsaya a ƙofar gidan abokinsa, ya tashi ya koma cikin mota ya zauna har muka gama.

Muka kai abin da muka ɗauka Kano, aka tace mana kamar minti ashirin don gwaji, muka shiga kasuwa da shi. Wani babban mai sayen finafinai ya kalla a tsaye, yana amsa waya. Da ya ƙare ya yi mana tambaya biyu: waƙa nawa ce a ciki, kuma fuskar wa za a sa a fosta? Muka ce babu waƙa, 'yan wasan kuma duk 'yan Sakkwato ne. Ya ce aikin ya yi kyau, Allah Ya ba da sa'a. Na biyu ya ce mata ne ke sayen fim, mata kuwa ba ruwansu da tsohuwar mota. Wannan magana har yau ban yarda da ita ba, domin matan da ke karanta littattafaina su ne suka fi yi mini zancen matar nan mai ciki wata bakwai. Kuɗinmu ya ƙare a nan. Kaset ɗin yana cikin akwatina.

Akwai masu cewa irin wannan fim koya wa yara fasa-ƙwauri zai yi, ya mai da mai laifi gwarzo. Ban raina wannan magana ba. Fasa-ƙwauri laifi ne, ya kashe masaƙu, ya kashe direbobi, ya kashe jami'an da suka fito aikinsu, ya kashe masu tafiya a gefen hanya da ba su ji ba ba su gani ba. Amma yaran Illela ba a fim suka koye shi ba, kuma shirun da muka yi bai hana komai ba. A kudu, Eddie Ugbomah ya yi fim tun a shekarun 1970 a kan Oyenusi, ɗan fashin da aka harbe a Legas a 1971, bai jira kowa ya ba shi izinin taɓa labarin ƙasarsa ba. Abin dubawa shi ne inda ka ajiye kyamara. In ka ajiye ta a kan gudu kaɗai, ka yi talla. In ka bar ta ta bi direba har ƙofar gidan mamaci, ta kuma leƙa ɗakin mai kayan da ke barci, ka faɗi gaskiya, kuma ban ga yaron da zai kalli wannan ya yi sha'awar sana'ar ba.

Labarin ma bai tsufa ba. An sake rufe iyaka a watan Agusta na 2019, sai a Disamba 2020 aka buɗe Illela tare da wasu iyakoki uku. An kuma rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a 2024. Kowace rufewa tana haifar da sababbin direbobin dare, sai dai yanzu shinkafa ta karɓi wurin atamfa, babura da wasu motocin sun karɓi wurin Fijo.

Abin haushin shi ne yanzu da aka sami sauƙin wani gefe, wani gefen ya rufe. Wayar da ke aljihun ɗana ta fi kyamarar da muka yi haya a 2009 kyau nesa ba kusa ba. Ba sai ka tsaya gaban mai shago ba, YouTube na nan, kuma shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina sun nuna mutanenmu za su bi labari mai tsawo mako bayan mako. To amma dajin da za ka fita ka yi ɗauka da magariba, yau sai ka yi tambaya ka sake tambaya kafin ka kai mutane goma da kaya can, saboda halin tsaro da yankinmu yake ciki. Motocin kuma suna ƙarewa. 'Yan gwangwan suna bi gareji gareji suna sayen tsofaffin Fijo a kan kilo, a sassare su da gatari, a loda a tirela a kai inda za a narke.

Watan jiya na koma Buzaye. Dattijon ya rasu, Allah Ya jiƙansa, yaron da ya yi mana tuƙi shi ke riƙe da garejin, har ya yi furfura a gemu. Farar motar tana nan a ƙarƙashin rumfa, tayoyinta sun sace, ya ce sau uku ana taya ta yana hanawa, amma ba zai yi mini alkawarin na huɗu ba domin yana da 'ya da zai aurar bayan Sallah. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce in kawo batir da lita biyar ranar Asabar mu gani. Kawu kuma idonsa ya yi rauni, ba ya fita sai masallaci, amma ya ce idan ta tashi a zo a ɗauke shi, shi zai zauna a gaba.